Jami'a: Zauren Malamai Ko Sansanin Lebura?

Gabatarwa

Duk lokacin da malaman jami'o'in ƙasar nan suka ajiye alli, tambaya ɗaya ce ake jefa musu a kasuwa da tasha da gidajen rediyo, watau nawa kuke so a ƙara muku? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo har jama'a suka ɗauka ita kaɗai ce maganar da ke tsakanin malamai da hukuma. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa albashi reshe ne kawai, saiwar tana wani wuri dabam. Saiwar kuwa ita ce: wane ne ke da bakin magana a kan yadda ake tafiyar da jami'a? Wa ke zaɓen shugabanta, wa ke tsara abin da za a koyar, wa ke cewa a ɗauki ɗalibai kaza, wa ke duba inda kuɗi suka shiga? Ra'ayinmu shi ne, tun ranar da aka karɓe waɗannan al'amura daga hannun malamai, ranar ce halin aikinsu ya fara lalacewa, kuma ba zai gyaru ba sai an mayar da su. Ba sasanci muka zo yi ba, matsayi muka ɗauka, mai karatu kuma shi ne alƙali.

Darasi Daga Nyanya

Bari mu fara daga inda da yawa daga cikinmu masu koyarwa a kewayen Abuja suke kwana. Nyanya tana bakin iyakar Babban Birnin Tarayya da Jihar Nasarawa, a kan hanyar da ta tashi daga Abuja ta bi ta Mararaba ta nufi Keffi. Bayan dokar soja ta 1976 wadda ta ƙirƙiro sabon birnin, da aka shiga aikin gini gadan-gadan, a nan aka yi wa leburori da ƙananan ma'aikata sansani. Su suka haƙa harsashi, su suka ɗora bulo, amma da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, ba a sama musu wuri a cikin birnin da suka gina ba. Har yau da asuba suke fita, su hau tudun Kugbo cikin cunkoson motoci, su yi wa birni hidima, da almuru su komo.

A cikin wannan ayari akwai malamin jami'a. Kuɗin haya a tsakiyar birni ya fi ƙarfinsa, saboda haka ya rakuɓe a Nyanya ko Karu ko Mararaba. In a Keffi yake koyarwa ya nufi gabas, in a Gwagwalada ne ko a mazaunin jami'a na dindindin da ke hanyar filin jirgin sama, sai ya ratsa birnin ɗungurungum kafin ya isa aji. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Malamai da yawa sun jingine motocinsu, sun koma layin bas tare da masinjan ma'aikatar da ke kai musu takardun umarni.

Ba wahalar hanya ce babban darasin ba. Darasin shi ne matsayin lebura. Lebura ba abin rainawa ba ne, guminsa yake ci. Amma ƙa'idar aikinsa ita ce ba a nuna masa taswirar gini, ba a tambayarsa ina za a sa ƙofa, ana biyansa ne gwargwadon kwanakin da ya fito, in ya yi gardama kuma a sallame shi a ɗauki wani. Abin da ake so a mayar da malamin jami'a ke nan. Matsalar ita ce ilimi ba gini ba ne da wani zai zana a ofis wani ya zo ya ɗora. Wanda yake koyarwa shi ne mai taswirar, in an raba shi da ita ginin zai karkace ko da an biya shi da zinariya.

Mene Ne Mulkin Shawara A Jami'a?

Wasu na cewa maganar malamai su sa baki a mulkin jami'a baƙuwar al'ada ce da aka kwaso daga Turai. Gaskiya ne jami'o'in farko na can, irin su na Faris, ƙungiyoyin malamai ne masu zaɓen shugabanninsu da kansu. Amma ba sai mun ƙetare teku ba. A Timbuktu da Katsina da Kano, tun ƙarnonin da suka shuɗe, malami ne ke zaɓen littafin da zai karantar a zaurensa, shi ke sanin almajirin da ya isa a wuce da shi gaba, shi ke ba da ijaza da sunansa da sunan malamansa. Sarki na iya ba da fili, attajiri na iya aiko da hatsi, amma ba a taɓa jin fada ta aiko da jerin babukan da za a karanta kafin damina ba. Mai ciyarwa yana da haƙƙin a gode masa, a kuma nuna masa ba a yi almubazzaranci da abinsa ba. Ba shi da haƙƙin riƙe alƙalamin gyara.

Dokar Nijeriya ma ta yarda da wannan. Dokar jami'o'i ta 1993, musamman bayan gyaran da aka yi mata a 2003, ta raba iko gida biyu. Majalisar Dattawan Jami'a, wadda farfesoshi da shugabannin tsangayu da na sassa da zaɓaɓɓun wakilan malamai ke zama a cikinta, ita ke da iko a kan karatu da jarrabawa da ba da digiri. Majalisar Gudanarwa kuwa ita ke kula da kuɗi da dukiya da ɗaukar ma'aikata, a cikinta akwai mutanen da gwamnati ta naɗa, akwai kuma wakilai huɗu daga Majalisar Dattawa, da biyu daga babban taron ma'aikata masu digiri, da ɗaya daga taron tsofaffin ɗalibai. Dokar ta ce wa'adin wannan majalisa shekara 4 ne, ba a rushe ta sai an same ta da gazawa ko cin hanci. Ta ce ita ke naɗa shugaban jami'a na zango ɗaya mai shekara 5, sa'an nan ta sanar da Shugaban Ƙasa. Ta ce takardun umarni na gwamnati waɗanda suka saɓa wa dokar jami'a ba su hau kanta ba. Ta kuma ce a aiko da kwamitin bincike aƙalla sau ɗaya a shekara 5. Wannan shi ne mulkin shawara: gwamnati na da kujera, al'umma na da kujera, malamai na da kujera, ba mai kore wani. Sanarwar Kampala ta 1990 kan 'yancin masana a Afirka, da shawarwarin da hukumar UNESCO ta zartar a 1997 kan matsayin malaman manyan makarantu, duk a kan wannan turba suke. Ashe ke nan ba sabon abu muke nema ba, abin da ke rubuce muke cewa a bi.

Yadda Aka Karɓe Linzami

Ruwa ba ya tsami banza. A 1973, da malaman jami'a suka yi yajin aiki, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ba su zaɓi, ko su koma aji ko su fice daga gidajen jami'a. Suka koma, amma hukuma ta gano inda lagonsu yake. Zuwa 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in yankuna, har da Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, ikon naɗa shugabanni kuma ya koma hannun shugaban ƙasa. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1962 don ba da shawara kawai, ta sami ikon doka a 1974, dokar soja ta 1985 kuma ta ba ta ikon gindaya ma'aunin karatu. A 1978, shekarar da aka kafa ƙungiyar ASUU, an kori wasu malamai bayan zanga-zangar ɗalibai kan ƙarin kuɗin abinci da ɗakin kwana.

Bayan kisan ɗalibai a Samaru cikin watan Mayun 1986, kwamitin Janar Abisoye ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. Mai karatu ya dubi wannan zargi da kyau, domin shi ne ainihin tunanin mai kula da lebura. A 1988 aka kama Dokta Patrick Wilmot na Zariya aka fitar da shi daga ƙasa, aka kuma haramta ASUU. A 1989 aka kori Dokta Yusufu Bala Usman, sai kotu ce ta mayar da shi. A 1992 aka sake haramta ƙungiyar, a 1996 aka maimaita. A 1995 kuwa aka kai maƙura, aka ajiye dokar jami'a gefe guda aka naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora kantoman Jami'ar Ahmadu Bello, ya riƙe ta har 1998. Ko da mutum zai yaba wa wasu ayyukan da ya yi, tambayar tana nan: in jami'a ta rikice, maganin shi ne a kulle bakin malamanta?

Abin lura shi ne, a tsakiyar wannan danniya ne malamai suka kawo shawarar da ta fi kowace amfani ga jami'o'i. A tattaunawar 1992, lokacin da Dokta Attahiru Jega ke shugabancin ƙungiyar, gwamnati ta ce ba ta da kuɗi, malamai suka nuna mata inda za a samo su, watau harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 daga ribar kamfanoni. Aka kafa dokarsa a 1993, shi ne ya zama asusun TETFund a 2011. Duk wanda ya zaga jami'o'in gwamnati ya ga gine-ginen da ke ɗauke da tambarin wannan asusu, ya ga amfanin sauraron malamai da idonsa. Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, domin ranar buɗe ginin ba a tuna wanda ya kawo shawarar.

Kaki Ya Tafi, Hali Bai Tafi Ba

An zaci komawa mulkin farar hula a 1999 zai kawo ƙarshen wannan hali. Ina! A 2001 aka kori malamai 49 a Jami'ar Ilorin saboda yajin aiki, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su, wasu kuwa sun riga mu gidan gaskiya kafin hukuncin. A 2009 aka sa hannu kan yarjejeniyar da aka ce za a riƙa sabunta ta duk shekara 3. Ta bi ta hannun kwamitin Wale Babalakin a 2017, da na Farfesa Munzali Jibril, da na Farfesa Nimi Briggs a 2022, da na Alhaji Yayale Ahmed a 2024, har shekarar 2024 ta ƙare ba a sabunta ta ba. A tsakanin nan dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 150 zuwa kimanin naira 1,500. Farfesan da abin da ke shiga hannunsa a lokacin bai kai naira 500,000 a wata ba, albashinsa ya zube daga kusan dala 3,000 zuwa kimanin dala 300 ba tare da an rage masa ko kwabo a takarda ba. Kwamitin da gwamnati da kanta ta kafa a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya ba da rahoto a 2012 cewa waɗanda ke da digiri na uku ba su kai rabin malaman jami'o'in gwamnati ba, ya kuma nuna hotunan ɗakunan gwaji da azuzuwan da ba su dace da sunan jami'a ba. A kan hanyar zuwa Kano taron yajin aikin da wannan rahoto ya haifar ne Farfesa Festus Iyayi ya rasu a hatsarin mota kusa da Lokoja, a watan Nuwamban 2013.

Ta fuskar mulki kuwa, a Fabrairun 2016 aka sauke shugabannin jami'o'in tarayya 13 da sanarwa ɗaya. Kwamitocin binciken da doka ta ce a aiko duk shekara 5, sai a 2021 aka aiko su su duba shekara 10 a tashi ɗaya, wanda ihu ne bayan hari. Daga 2020 aka tilasta biyan albashin malamai ta tsarin IPPIS daga ofishin Babban Akanta na Ƙasa, watau aka karɓe aikin Majalisar Gudanarwa aka damƙa wa kwamfuta a Abuja. Kwamfutar ba ta san malamin ziyara ba, ba ta san hutun nazari ba, ba ta san mai duba jarrabawa na waje ba. Sashen Hausa da ke son ɗauko wani dattijo masanin rubutun ajami ya karantar na zango ɗaya, ba shi da gurbin da zai sa sunansa. Sai a Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta yarda a cire jami'o'i daga tsarin, bayan yajin aikin wata 9 a 2020 da na wata 8 a 2022. Da an saurari malamai tun farko, da ɗalibai ba su yi wannan asara ba.

A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta fito da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa jami'o'i kashi 30. To, in haka ne, me ya rage wa Majalisar Dattawa? Adabin da ya kamata a ba ƙarfi a Sakkwato ba lalle ne ya zama shi za a ba ƙarfi a Maiduguri ba, kuma wannan bambanci shi ne arzikin jami'o'i, ba aibinsu ba. A watan Yunin 2023 kuma aka rushe majalisun gudanarwa na jami'o'in tarayya baki ɗaya tare da na sauran hukumomi, ba a ce wance ta gaza ko wance ta ci hanci ba, aka bar jami'o'i kusan shekara guda ba majalisa.

Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta ɗanɗani sakamakon. A watan Mayun 2024 reshen ASUU na can ya shiga yajin aiki, yana ƙorafin ana ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma da neman sabon shugaba ba tare da Majalisar Gudanarwa ba. A ƙarshen Disambar 2024 sabuwar majalisa ta naɗa Farfesa Aisha Sani Maikudi cikin taƙaddama, a ranar 6 ga Fabrairu, 2025 kuma Shugaban Ƙasa ya rushe majalisar ya sauke ta ya naɗa muƙaddashiya. Cikin 2025 kaɗai jami'ar ta ga shugabanni aƙalla uku. Ba muna cewa wannan ɓangare ne mai gaskiya ko wancan ba. Abin da muke cewa shi ne, naɗi da saukewa duk sun wuce ta saman kan mafi yawan malamai. Hatta suna ba a bari ba. A Disambar 2024 Majalisar Zartarwa ta amince a sauya sunan jami'ar zuwa na Janar Gowon, a Yulin 2025 aka yi wa ta Maiduguri haka da sunan marigayi Muhammadu Buhari, kamar yadda aka gwada yi wa ta Legas a 2012 jama'arta suka ƙi. A ƙasar Hausa ko jariri za a raɗa wa suna sai an tara dangi. Jami'a mai shekaru da dubban 'ya'ya kuwa a rediyo take jin sabon sunanta.

Ra'ayoyin Malamai

Ba za mu ce bakin malamai ɗaya ba ne a kan wannan al'amari. A iya raba su gida uku. Kashi na farko su ne masu cewa a bar maganar mulki, a gyara albashi kawai, domin mai jin yunwa ba ya taron shawara. Muna jin zafin da suke ji, amma muna tunatar da su cewa ƙarin da aka ba ka ba tare da kana da baki ba, hauhawar farashi za ta cinye shi cikin shekara biyu, ka koma layin roƙo. Kashi na biyu su ne masu cewa gwamnati ba ta jin kowane harshe sai na yajin aiki. Tarihi ya ba su hujja, amma 2022 ta nuna iyakar wannan makami, domin Kotun Ma'aikata ta ba da umarnin komawa aiki a watan Satumba, aka riƙe albashin watanni, aka yi wa kishiyar ƙungiya rajista a watan Oktoba, albashin wata 4 kawai aka saki a farkon 2024. Kashi na uku su ne waɗanda suka yanke ƙauna. Wasu sun tafi Afirka ta Kudu ko Ingila ko ƙasashen Larabawa, wasu suna nan da gangar jiki amma zuciyarsu na gona ko shago ko jami'a mai zaman kanta. Wannan kashi shi ya fi ba mu tsoro, domin mai faɗa da kai bai rabu da kai ba tukuna, mai shiru shi ne ya tafi.

Hujjojin Masu Suka

Masu suka na da hujjoji uku, kuma ya kamata a amsa su. Ta farko, wai mai biya shi ke da iko. Amsa ita ce kuɗin ba na minista ba ne, na al'umma ne, al'umma kuwa ta bakin majalisar dokokinta ta riga ta faɗi yadda take so a tafiyar da jami'a. Gwamnati ce ke biyan alƙalai, amma ba wanda ya ce don haka ta rubuta musu hukunci.

Ta biyu, wai akwai ɓarna a jami'o'i, da ma'aikatan bogi, don haka dole a riƙe su daga Abuja. Ba mu musa akwai ɓarna ba. Amma wa ya ce Abuja wankakkiya ce? A watan Mayun 2022, ana tsakiyar yajin aiki, hukumar EFCC ta kama Babban Akanta na Ƙasa na lokacin bisa zargin biliyoyin naira. Zargi ba hukunci ba ne, amma ya isa ya nuna cewa tattara kuɗi a ofis ɗaya ba shi ne tsarki ba, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Maganin ɓarna shi ne yawan idanu, kuma idon da ya fi kusa shi ne na malamin da ya san an ce an sayi littattafai alhali kantar laburare wayam take.

Ta uku, wai ɗalibai da iyayensu ne ke shan wahalar wannan ja-in-ja. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma 'ya'yanmu na cikinsu, domin ba mu da halin kai su waje. Sai dai ɗalibin da ke tsaye a bakin taga yana sauraron darasi, wanda malami ɗaya zai duba takardarsa cikin ɗaruruwa, ya riga ya cutu tun kafin a rufe makaranta. Wa ya yanke shawarar a yi ta buɗe sababbin jami'o'i alhali tsofaffin na zubar da ruwa? Ba malamai ba ne. Sun daɗe suna gargaɗi, sai a watan Agustan 2025 gwamnati ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara 7. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daddawa Ma Da Wari

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wasu daga cikin masu tsaga bangon a cikin gida suke. Akwai shugabannin jami'o'in da suke kukan 'yanci a gaban minista, amma in sun dawo harabar jami'a sai su zama sarakunan yanka. Sukan zartar da al'amari su ce sun yi a madadin Majalisar Dattawa, sa'an nan su kawo mata ta sa hannu. Sukan naɗa shugaban sashe na riƙo su bar shi shekaru, don ya san wuyansa na hannunsu. Akwai farfesoshin da in lokacin naɗin shugaba ya zo, maimakon su tsaya a gwada su a gaban takwarorinsu, sai su bazama gidajen 'yan siyasa da fadojin sarakuna neman ɗaurin gindi. Akwai masu tayar da ƙurar wai sai ɗan asalin jiha, ko ɗan addini kaza, kamar sarautar gado ake nema. Akwai masu zuwa taron majalisa su zauna shiru har a tashi, sai a wurin ajiye motoci bakinsu ke buɗewa. Akwai kuma masu sayar da maki da masu cin zarafin ɗalibai mata, waɗanda kowane ɗaya daga cikinsu hujja ce da aka miƙa wa masu son a ƙwace ragamar. 'Yancin da za a karɓo daga Abuja a damƙa wa mutum ɗaya a ofishin shugaban jami'a ba 'yanci ba ne, sauyin ubangida ne kawai.

Abin Da Muke Nema

Na farko, kada a sake rushe wata Majalisar Gudanarwa sai bisa sharaɗin da doka ta gindaya, bayan bincike, a kuma bayyana laifin ga jama'a. Waɗanda gwamnati za ta naɗa a cikinta su zama masu sanin darajar ilimi, ba waɗanda suka faɗi zaɓe ake neman inda za a sauke su ba. Na biyu, a aiko da kwamitin bincike duk shekara 5 kamar yadda doka ta ce, a buga rahotonsa kowa ya gani, a hukunta wanda aka samu da laifi. Na uku, manhaja da adadin ɗaliban da za a ɗauka su koma hannun Majalisar Dattawa, hukumar ƙasa ta tsaya a kan gindaya mafi ƙarancin ma'auni da sa ido. Na huɗu, shugabannin tsangayu da na sassa su fito ta hanyar zaɓe ko karɓa-karɓa bisa ƙa'ida, da wa'adi sananne. Na biyar, a riƙa gabatar da kasafin kuɗin jami'a da rahoton masu binciken kuɗi a gaban babban taron ma'aikata kowace shekara, har da kuɗin da jami'a ta tara da kanta. Na shida, a ba wakilan ɗalibai kujera a kwamitocin da suka shafi kuɗin makaranta da ɗakin kwana da ladabtarwa, domin wanda yake neman a saurare shi bai kamata ya toshe kunne ga na ƙasa da shi ba. Na bakwai, duk yarjejeniyar da aka sa wa hannu a kan albashi da gidaje da sufuri da kuɗin bincike, a sa ta cikin kasafin kuɗi, a sabunta ta ranar da aka ce, ba sai an rufe makarantu ba.

Mai karatu zai lura cewa mafi yawan waɗannan buƙatu ba sa cin ko sisin kwabo. Ba rashin kuɗi ne ya hana su ba, ƙin sakin linzami ne.

Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa lalacewar halin aikin malaman jami'a ba tsautsayi ba ne, sakamako ne na fiye da shekara 50 ana yanke shawara a bayan idonsu, wani lokaci da bakin bindiga, wani lokaci da takardar umarni, wani lokaci da taimakon wasu daga cikinsu. Mun kuma nuna cewa inda aka saurare su, kamar a 1992, ƙasa ta ci riba, inda aka ƙi kuwa, kamar a rikicin IPPIS, sai da aka yi asarar zanguna kafin a dawo kan maganarsu. Kiranmu ga hukuma shi ne ta bi dokar da ta sa wa hannu. Kiranmu ga iyaye shi ne, in an sake jin hayaniya, kafin su tambayi nawa malamai ke nema, su tambayi wa ya yanke shawarar da ta jawo ta. Kiranmu ga 'yan'uwa malamai kuwa shi ne su cika kujerunsu a taron sashe da na tsangaya da na majalisa, su karanta takardun kafin su zo, su tambayi lissafi, su ƙi sa hannu a kan abin da ba a tattauna ba. Haƙƙin da mai shi ba ya amfani da shi, ba a daɗewa wani ke ɗauka. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.